Hular Koci Pettway

Chicago, 18 ga Oktoba, 1967

Ɗana Cleophus,

Ina gaishe ka da kyau, kai da matarka Odessa da 'yan matanku biyu. Ni lafiyata ƙalau, sai dai gwiwar hagu da ke sanar da ni zuwan sanyi tun kafin rediyo ya faɗa. Sanyi kuwa kasuwa ce ga mai sayar da rigunan gwanjo, don haka ba na ƙorafi.

Murna na ɗauki alƙalami in taya ka. Wani direban bas ya kawo mini jaridar gida, na ga yadda kuka ƙare wasan ƙwallon Amurka da 'yan Red Bluff: ashirin da ɗaya, ashirin da ɗaya. Kai, madalla da wannan hikima! Ka loda ƙarti arba'in a mota, kuka yi tafiyar mil ɗari biyu, aka shafe awa uku ana farfasa musu baki da hanci, sannan ka dawo da su gida ba su ci ba, ba a ci su ba. Ba kowane koci Allah ya ba irin wannan tausayi ba. Garuruwa biyu, ba uwar da ta yi kuka.

Lissafin nan ko ni na iya shi. Saura daƙiƙa goma sha biyu a tashi, yaranka suka kai ƙwallo gida, aka ba ku maki shida, kuka zama ashirin, su ashirin da ɗaya. Zaɓi biyu ne a gabanka. Ko a buga ta da ƙafa ta bi tsakanin sanduna a ƙara muku ɗaya, a tashi canjaras, ko a ajiye ta yadi uku daga layi ku sake kutsawa da ita a ba ku biyu, ku ci wasa. Yadi uku, Cleophus. Teburin da nake baza riguna ya fi haka tsawo. Kai kuwa sai ka turo mai bugu.

A layinmu akwai wani mai aski, Mista Gaddy, tsohon ɗalibin Saint Amos ne, abokan gabarku na gado. Tun da jaridar nan ta iso bai bar ni na sha ruwa ba. Sai ya leƙo rumfa ya ce, "'Yar'uwa Verlene, ina gajiyar canjaras? An ce ɗanki ya bar koyar da ƙwallo ya koma sasanta mutane." Na ce masa ya koma ya ji da ƙeyoyin da yake ɓatawa. Amma a raina abin ya ci ni.

Ni na goya ka bayan rasuwar ubanka, kuma ubanka, Allah ya ba shi hutawa, ban taɓa ganin ya shiga abu da niyyar ya fito yadda ya shiga ba. Ka rubuto ka gaya mini me ka gani a filin nan da ni ban gani a jarida ba.

Goggonka,
Verlene Pettway

*

Kwalejin Shiloh Bend, Mississippi, 29 ga Oktoba, 1967

Goggo,

Wasiƙarki ta same mu lafiya. Odessa na gaishe ki, yara kuma sun warke daga mura. Ki riƙa ɗaure gwiwar nan, ki daina tsayuwa a kan siminti tun safe.

Na karanta murnar da kika taya ni, sau uku. Ke yadi uku kika gani a jarida. Ni mutum goma sha ɗaya na gani tsaye a kan yadi ukun, ƙaraminsu ya fi firjinki nauyi. Purvis, mai jefa mana ƙwallo, hannunsa ya kumbura tun kafin hutun rabin lokaci, ko igiyar takalminsa ba ya iya ɗaurewa. Da na tura yarana aka tare su, da mun fita daga neman kofi tun watan Oktoba. Yanzu kuwa muna ciki. Wannan shi ne abin da ba ya fitowa a jarida.

Maganar ubana ce ta tsaya mini. Na gane abin da kike nufi, ba sai kin rubuta kalmar matsoraci da hannunki ba.

Bari ki ji inda nake tsaye. Dattijo Tate, mai gidan jana'iza, shi ne shugaban kwamitin kwaleji yanzu. Ranar Talata ya kira ni ofishinsa, ya zaunar da ni tsakanin akwatunan gawa guda biyu. Ya ce, "Koci, shekara uku a jere Saint Amos na cin mu. Na gaji da sunkuyar da kai a taron coci. In suka yi ta huɗu ranar sha takwas ga Nuwamba, ka tuna gidan da kake ciki na kwaleji ne, kuma akwai mai jiransa." Na ce, "In aka tashi canjaras fa, Dattijo?" Ya ce, "Canjaras zan iya shiga coci da ita. Kada dai a ci mu." To kin ji. Aikina da rufin kan yarana suna kan wasa ɗaya.

Duk da haka ba zan bari ki ci gaba da ɗaukata yadda kika ɗauke ni ba. Akwai dabarar da nake ɓoyo tun watan Agusta, ba mu taɓa gwada ta ba sai bayan an kulle ƙofar fili. In mun kai ƙwallo gida, za mu jera kamar masu bugu. Purvis zai durƙusa kamar zai kafa wa mai bugu ƙwallo. Saint Amos kuwa na san halinsu, dukansu suke rugowa su tare bugu, ba sa barin kowa a baya. Sai Purvis ya miƙe da ƙwallon ya juya hagu ya jefa wa Tolliver. Tolliver nan ƙato ne, aikinsa ture mutane, duk shekarar nan ba a jefa masa ƙwallo ko sau ɗaya ba, da gangan. Ba wanda zai kalle shi. Alamar a wurina take. Purvis zai ɗago ya dube ni. In hulata na kaina, a buga. In na cire ta, a yi dabara. Ga zanen nan a bayan takarda don ki gani da idonki.

Idan kin karanta ki jefa ta a murhu. Bayan ni da yaran da mataimakina, ke kaɗai kika sani.

Kada ki ji shiru ki ce fushi ne. Kin san al'adata: makon Saint Amos ba na buɗe wasiƙar kowa, Odessa ke tara su a gwangwanin biskit. Daga Alhamis kuma nakan kwashe yaran mu tare a sansanin coci da ke cikin daji, inda ba tarho ba 'yan mata, sai ranar wasa mu fito.

Ɗanki,
Cleophus

*

Chicago, Litinin, 13 ga Nuwamba, 1967

Cleophus,

Da fatan kuna lafiya. Ni lafiyar jiki akwai. Ka buɗe wannan ko da makon Saint Amos ne, na rubuta haka a bayan ambulan da manyan baƙaƙe.

Ban ƙona takardar ba.

Na yi niyya, Allah ya sani. Amma zanen nan ya yi mini kyau, sai na ninke shi na sa a aljihun atamfar gaba da nake ɗaurawa a kasuwa. Kwana uku yana nan ba wanda ya gani. Ranar Asabar ɗin da ta wuce waccan, kasuwa ta cika, Gaddy ya zo da bakinsa a gaban mutane. Ya ɗaga wata rigar sanyi ya ce, "Wannan nawa? Ko mu yi irin na ɗanki, kada ki sayar kada in saya, kowa ya tafi gida lafiya?" Layin duka ya ɗauki dariya, har da matar da ke soya tsiran alade. Na ce, "Gaddy, ka yi dariyarka yanzu, ranar sha takwas za ka nemi inda za ka ɓoye." Ya ce, "Da me? Ɗanki ko kofin shayi ba ya iya ɗauka ba tare da ya tambayi kwamiti ba." Kafin in san abin da nake yi takardar na hannuna, na manna masa ita a hanci. Na ce ya karanta ya ga ko matsoraci ke zana irin wannan. Ya karanta. Ya juya bayanta ya daɗe yana kallo. Sai ya miƙo mini ya ce, "Lallai yaron yana da kai," ya tafi ba dariya.

Ni da na shekara ashirin da biyu ina karanta fuskar mai ciniki, ya kamata in gane tun a lokacin. Mutum in ya daina tayawa ya yi shiru, ya riga ya samu abin da ya zo nema.

Jiya bayan sujada matar fasto take ce mini, ai ƙanwar Gaddy tana auren mataimakin kocin Saint Amos, wanda ke shirya musu masu tsaron gida. Kuma Gaddy ya rufe shago ranar Laraba ya hau jirgin ƙasa zuwa gida, wai gaisuwar mara lafiya. Mutumin da ko jana'izar kawunsa bai rufe shago ba.

Sun sani, Cleophus. Sun san Tolliver, sun san hagu, sun san hula. Ka canja dabara. In ba lokacin canjawa, ka buga da ƙafa ka karɓi canjaras ɗinka, ni ce na ce. Duk abin da na rubuta a watan jiya ka ɗauka surutun kasuwa ne. Dattijo ya ce zai shiga coci da ita, to ka ba shi ya shiga.

Zagin da za ka yi mini ka ajiye shi sai bayan wasa, zan tsaya in karɓa.

Goggonka

*

Chicago, Alhamis, 16 ga Nuwamba, 1967

Cleophus,

Ina gaisuwa. Ban samu barcin kirki ba, cin abinci ma sama-sama.

Yau da hantsi na je kantin magani na buga tarho gidanka. Odessa ta ɗauka, ta ce motarku ta tashi tun asuba. Na ce, "Odessa, wasiƙata ta iso?" Ta ce, "Ta iso jiya, Goggo, tana cikin gwangwani." Na ce, "Ki fasa gwangwanin nan, ki shiga mota ki kai masa daji." Ta ce, "Goggo, da girmanki, waccan wasiƙar taki kwana uku ta hana shi cin abinci. Ba zan kai masa wata ana jibi wasa ba." Na ce ba faɗa ba ne wannan karon, na tona masa asiri ne, abokan gaba sun san abin da zai yi. Ta ce, "Kowace shekara akwai mai bugowa ya ce ya san abin da Saint Amos suka sani. Bara fasto ne. Ki yi masa addu'a kawai." Na fara yi mata bayanin hula, sai ta ce tukunyarta na ƙonewa.

Ban ga laifinta ba. Ni ma da ni ce ita, ba zan kai ba.

Na san wannan ma gwangwani za ta shiga. Na rubuta ne don hannuna ya samu abin yi.

Goggonka

*

Chicago, 27 ga Nuwamba, 1967

Ɗana,

Da fatan kai da iyali kuna lafiya. Na ga jarida: sha huɗu da sha uku. Layi biyar kawai suka ba ku, ba su faɗi yadda aka yi ba. Gaddy ya dawo, ba ya bi ta gaban rumfata, ta bayan masu tayoyi yake zagayawa.

Kwana tara ke nan. Na buga tarho sau biyu ba a ɗauka ba. Ko zagi ne ka aiko, ka sa a ambulan.

Goggonka

*

Shiloh Bend, 3 ga Disamba, 1967

Goggo,

Muna lafiya. Odessa na ta haɗa kaya, yara na taya ta, su a wurinsu wasa ne.

Ranar Lahadi bayan wasa na buɗe gwangwani. Na karanta taki ta Litinin a tsaye, na sake karantawa a zaune. Odessa ta yi kuka, na ce mata ta bari, dokar da na kafa ta bi.

Kin nemi yadda aka yi. Suna da sha huɗu muna da bakwai, saura minti huɗu. Yaran nan suka tura ƙwallo yadi tamanin, taku bayan taku, Purvis na jini a haɓa. Saura daƙiƙa ashirin muka shiga gida. Sha huɗu da sha uku. Filinsu ne, amma mutanenmu sun cika ɓangare guda, 'yan badujala na ta busa, ana ihu, "Biyu! Biyu!" Da suka ga mai bugu ya shigo sai ihun ya juye. Wani a bayana, na san muryarsa, mai gyaran motata ne, ya ce, "Pettway, ka sake? Matsoracin banza!"

Muka jera. Na dubi Saint Amos. Goggo, ba su yi shirin rugowa ba. Mutum uku suka koma hagu suka tsaya a gaban Tolliver, yaron da ba a taɓa jefa wa ƙwallo ba. Mataimakin kocinsu kuwa ba fili yake kallo ba, kaina yake kallo. Ban san ta ina ba, amma a take na san sun sani. Mataimakina ya kama hannun rigata ya ce, "Koci, sun buɗe mana hanya, ba mai tare bugun nan. Ka bar ta a kanka. Don Allah ka bar ta." Gaskiya ya faɗa. Duk shekarar nan ba mu samu bugu mai sauƙin wannan ba.

Purvis ya ɗago ya dube ni. Ya girgiza kai kaɗan, shi ma ya gani. Ba sai na yi komai ba, Goggo. In tsaya kawai da hannuwana a aljihu, aikina na nan, gidana na nan.

Na cire hular.

Purvis ya miƙe ya juya hagu ya jefa. Kuma Tolliver ya cafe, wannan ki sani, ya cafe da mutum biyu a wuyansa. Na ukun ya kama ƙafafunsa. Ya faɗi da ƙwallon a ƙirji, tsakaninsa da layi bai fi tafin hannu ba. Ya daɗe bai tashi ba, ba don ciwo ba.

Ranar Talata kwamiti ya zauna, ba su kai minti goma ba. Dattijo Tate ya ce, "Koci, na gaya maka da bakina canjaras ta ishe ni. Me ya hana ka bugawa?" Mai gyaran motata ma da na kai masa mota ya ce, "Ai da ka buga, Koci." Sun ba mu zuwa ƙarshen Disamba mu bar gidan. Akwai wata sakandare a Arkansas da ke neman mai koyar da motsa jiki, na rubuta musu.

Maganar Gaddy ba zan zage ki ba. Ni na zana, ni na sa a ambulan. Amma kin ce in gaya miki abin da ba ya fitowa a jarida. Lokacin da hannuna ya tafi kan hular, ba ihun mutane nake ji ba. Teburin rigunanki nake gani.

Cleophus

*

Chicago, 9 ga Disamba, 1967

Ɗana Cleophus,

Na gode wa Allah da kuna lafiya. Ka gaishe da Odessa, ka ce mata ban riƙe ta da komai ba, kuma kada ta naɗe faranti da jarida ɗaya, ta ninka biyu. Dusar ƙanƙara ta sauko mana, gwiwa na ta aikinta.

Layinka na ƙarshe ya iso inda ka aike shi. Kwana biyu ban buɗe rumfa ba, a tsakiyar sanyi, ka san abin da wannan ke nufi a wurina. Nawa laifin na ɗauka duka: bakin da ya tsokane ka nawa ne, hannun da ya miƙa takarda nawa ne. Ba zan yi ciniki a kan wannan ba.

Gaddy ya zo jiya da kansa, yana murza yatsu. Wai shi hira kawai ya yi da surukinsa a kan tebur, ai duk wasa ne. Na ce, "Wasa ne, shi ya sa yara biyu za su yi Kirsimeti a cikin kwalaye." Na ce ya wuce kafin in manta ni 'yar mawaƙan coci ce.

Kada ka jira Arkansas a gidan mutane. Ɗakin baya na nan, na fitar da dilolin riguna na share. Ku zo ku huɗun. Akwai makarantu a nan da yaransu suka fi naka girma, ba su da mai nuna musu hagu da dama. Ka gaya wa Tolliver wata tsohuwa a Chicago ta ce ya cafe, kuma cafewa ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai abu ɗaya, tun da ni ban iya rufe wasiƙa da daɗin baki kawai ba. Tun ranar da na ji wasiƙata na cikin gwangwani nake cin kaina, ina cewa da ta isa hannunka da yanzu kana gidanka. Sai ga taka ta zo. Ka ce ka ga mutum ukun da idonka. Mataimakinka ya riƙe maka riga yana roƙo. Mai jifanka ya girgiza maka kai. Duk abin da na rubuta a takardar nan, fili ya nuna maka shi a sarari kafin ka ɗaga hannu.

To gaya mini tsakaninka da Allah, Cleophus: da Odessa ta shiga mota ta kai maka ita daji, ka ga rubutun Goggo tana cewa ka buga ka karɓi canjaras, da hular nan ta zauna a kanka?

Goggonka,
Verlene Pettway